Haikali ɗaya a rana ya ishi yaro a Luksor

Masu shirin kai iyali Masar hutu, musamman waɗanda za su wuce Alƙahira su gangara kudu ganin haikalan Fir'aunoni, ku yi hattara da jadawalin da kamfanonin yawon buɗe ido suke sayarwa. Za a rubuta maka Karnak da safe, Kwarin Sarakuna da hantsi, haikalin Hatshefsut da azahar, na Luksor da yamma, duk a yini guda. Wannan tsari na manya ne masu sauri, waɗanda jirgin ruwansu zai tashi gobe. Yaro ɗan shekara bakwai, kafin a kai wuri na biyu duk duwatsun sun zame masa iri ɗaya, a na uku kuka ne da rigima. A ganina wuri ɗaya a rana, da sassafe, shi ne daidai, ko da hakan zai sa a bar rabin abin da ke cikin takardar.

Zafi ne dalili na farko. Kada ka ce ai mu 'yan Sakkwato ne ko 'yan Maiduguri, mun saba. A gida akwai inuwar darbejiya da zaure, a can kuwa dutse ne ƙasa, dutse ne gefe, yana shan rana yana mayar maka da ita. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da dogon hutun makarantunmu yake farawa a cikinsa, zafin Luksor yakan haura digiri 40. Hutun Disamba ya fi dacewa, sai dai a riƙe rigar sanyi domin asuba da dare. Ana buɗe manyan wuraren da ƙarfe 6 na safe. A shiga da buɗewa, a fito kafin 10, sauran yinin kuma na barci ne da wanka.

A fara da Karnak, a ba shi safiya guda cif. Babban zaurensa ginshiƙai 134 ne, na tsakiya 12 sun haura mita 20, kuma kaurin kowanne sai mutane da dama sun kama hannu kafin su zagaye shi. Nan ne yara suka fi jin daɗi, nan ne kuma aka fi ɓatar da su, domin taku uku ya isa ginshiƙi ya raba ka da ɗanka, ga ayarin baƙi suna ta kutsowa. Kafin a shiga a nuna musu dogon dutsen nan mai tsini na sarauniya Hatshefsut, wanda ya kusa mita 30, a ce duk wanda ya ɓace ya je gindinsa ya tsaya. A saka katin otal a aljihun kowane yaro, kuma a sa musu riga mai launi mai haske, ba ruwan ƙasa ba.

Bayanin ɗan jagora kan daula ta 18 da ta 19 ba ya shiga kan yaro. Abin da ke aiki shi ne farauta. A ce kowa ya nemo mutum mai kan shaho, da mai kan dila, da mai kan rago, da agwagwa, da ƙudan zuma. Sai a nuna musu zoben nan mai siffar ƙwai da ake rubuta sunan sarki a ciki, su ƙirga sau nawa suka ga iri ɗaya. Da ƙaramin littafi da fensir, yaro zai yi rabin awa yana kwaikwayon zane ba tare da ya tambayi yaushe za a tafi ba. Doka ɗaya ce ba sassauci: ba a taɓa bango, ba a hawa gunki. Fentin da ya shekara fiye da 3,000, gumin hannu ne yake cinye shi.

Kusa da tafkin haikalin akwai gunkin buzuzu na dutse, za ku tarar da mutane suna zagaya shi wai don biyan buƙata. Yara za su so su bi sahu, don haka gara a yi musu bayani tun a otal cewa kallo muka zo da ɗaukar darasi, ba neman tabarraki ba. Haka ma idan ɗan jagora ya nuna gunkin Ramsis na Biyu ya ce ga Fir'aunan Annabi Musa (AS), a gaya wa yara cewa masana ba su haɗu a kan haka ba.

Haikalin Luksor shi kaɗai na yarda a ƙara da yamma, domin yana tsakiyar gari, ana haska shi da fitilu, kuma bai kai Karnak girma ba. A cikinsa akwai masallacin Abul Hajjaj, wanda har yau ake salla a ciki. Ƙofarsa ta da tana can sama a jikin bango, saboda lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin. Akwai hanya mai jerin gumaka da ta haɗa shi da Karnak, kusan kilomita 3, wadda aka buɗe a 2021. A leƙa bakinta a ɗauki hoto, kada a ce za a taka ta da yara.

Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni suke, yana ƙetaren Nilu. Tikitin gama-gari na kabari uku ne, kuma ukun ma sun yi wa ƙaramin yaro yawa. A tambayi mai gadi wanne ne hanyarsa ta fi miƙewa, domin wasu matakala ce mai gangara, ciki kuma ba iska. Na Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, tikitinsa daban ne, ɗan ƙarami ne, kuma gawar tana nan a buɗe. Yaron da ke mafarkin tsoro a bar shi a waje da wani babba. Keken jarirai ba shi da amfani a nan, yashi da tsakuwa za su riƙe tayar. Zanin goyo ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ciwon ciki ne yake ɓata yawancin irin wannan tafiya. Ruwan gora kawai za a sha, har wanke baki, a guji ƙanƙara da ɗanyen ganye. A ɗauki lita ɗaya da rabi ga kowane mutum a fitar safe, a riƙa ba yaro yana kurɓa tun bai ce ƙishirwa ba. Idan fitsarinsa ya yi duhu ko ya yi shiru ya daina wasa, a nemi inuwa nan take. A taho da ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, daga gida. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A riƙe canjin fam na Masar saboda banɗaki da bakshish, wato tukwici, amma tikiti a yawancin manyan wuraren da katin banki ake saya, don haka a tabbatar katin yana aiki a waje tun kafin a baro gida. Katin rigakafin shawara ma kada a manta da na kowane yaro.

A Aswan, haikalin Fila ya fi kowanne sauƙi, domin a kwalekwale mai inji ake zuwa tsibirin, kuma tafiyar ruwan kaɗai ta biya yara. Haikalin Kom Ombo, da ke kan hanyar Luksor zuwa Aswan, yana da ɗakin da aka jera busassun kadoji, minti 20 ya isa. Abu Simbel kuwa kilomita kusan 280 ne daga Aswan, ana tashi wajen ƙarfe 4 na asuba, a yi awa uku da wani abu a hamada, a kalli gumaka huɗu masu tsayin mita 20 da aka yanka aka ɗaga sama tsakanin 1964 da 1968 don kada tafkin Nasir ya haɗiye su, sannan a juyo. Ɗan shekara goma zai jure, har ya ba abokansa labari. Wanda bai kai shida ba, uwa ko uba ɗaya ya zauna da shi a Aswan, su hau faluka, wato kwalekwalen da iska ke turawa, da la'asar su zagaya tsibirin Elefantin.