Big Star: faifan da aka yaba, aka rasa a shago

Jama'a, duk sanda na ji ana cewa wai kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, sai mawaƙan ƙungiyar Big Star su faɗo mini a rai, raina ya ɓaci.

Samari huɗu ne suka haɗu a birnin Memphis na Amurka a 1971: Alex Chilton, Chris Bell, Andy Hummel da Jody Stephens. Sunan ma a jikin wani kantin kayan masarufi suka gani, kusa da situdiyon Ardent inda suke aiki. Chilton ba baƙo ba ne a harkar, tun yana ɗan shekara 16 ya rera waƙar da ta zo ta ɗaya a Amurka tare da ƙungiyar Box Tops. Salonsu shi ake kira power pop: waƙa gajeriya, jita mai kaifi, muryoyi a haɗe, ga amshi da ke kwana a kan mutum.

A 1972 suka fitar da faifansu na farko, #1 Record. 'Yan jarida suka yi ta zuba yabo. Mutum ya karanta, ya taka har shago da kuɗinsa, a ce masa babu. Kamfanin Stax da ya ɗauki nauyin rarrabawa ya kasa kai faifan inda masu saye suke, ko kwafi 10,000 ba a sayar ba. Na biyu, Radio City, ya fito a 1974 daidai lokacin da Stax ke rigima da kamfanin Columbia kan rarraba kaya, shi ma ya maƙale. Na uku kuwa sai 1978 ya ga rana, bayan ƙungiyar ta watse. Ku gaya mini, ina laifin mawaƙa a nan?

Daga baya mawaƙa irin su R.E.M. suka riƙa ambaton su a matsayin malamai, mujallar Rolling Stone ta sa duka faifan ukun cikin jerin faifai 500 mafi fice. Madalla, amma Chris Bell fa?

Shi ne ya fi ba ni tausayi wallahi. Ya zuba ransa a faifan farko, yana kwana a situdiyo yana gyaran sauti. Da abin ya faɗi sai ya bar ƙungiyar a ƙarshen 1972, har ya koma aiki a gidan abincin iyalinsu. Ranar 27 ga Disamba 1978 ya yi hatsarin mota ya rasu, yana da shekara 27. Faifan da ya yi shi kaɗai bai fito ba sai 1992.