Gaggawar da ake ƙirƙira don a kauce wa gasar kwangila

Duk ranar da aka fito daga zaman Majalisar Zartarwa ta Tarayya aka sanar da sabuwar kwangilar biliyoyi, ce-ce-ku-cen jama'a kan tsaya ne a kan abu biyu: nawa za a kashe, kuma wa aka ba. Akwai tambaya ta uku da ba mu cika yi ba, alhali a nan sirrin yake: ta wace hanya aka zaɓo wannan kamfani?

Dokar bayar da kwangila ta ƙasa, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya sanya wa hannu a watan Yunin 2007, ba ta bar zancen a duhu ba. Ita ce ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan yadda gwamnatin tarayya ke bayar da kwangila, magajiyar ofishin nan na "Due Process" da Oby Ezekwesili ta jagoranta a zamanin Obasanjo. Babbar ƙa'idarta ita ce buɗaɗɗiyar gasa. A buga talla a jaridu, a ba da wa'adin makonni, kowane kamfanin da ya cika sharuɗɗa ya kawo farashinsa cikin rufaffen ambulan ya jefa a akwati. Ranar buɗewa a tara masu nema a zaure ɗaya, a yage ambulan a gabansu, a karanta suna da farashi da babbar murya. Dokar har ta ce a gayyato 'yan sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiyar farar hula. Wanda ya cika sharuɗɗan aikin kuma farashinsa ya fi sauƙi, shi ke da aiki.

Sauran hanyoyin duk rangwame ne. Akwai gasa mai mataki biyu, ga aikin da gwamnati ba ta gama sanin fasalinsa ba sai ta ji shawarar masana. Akwai taƙaitacciyar gasa, inda ake gayyatar kamfanoni ƙalilan saboda su kaɗai ke iya aikin, kuma sai da amincewar BPP. Ga ƙananan sayayya, ana karɓar farashi daga aƙalla kamfanoni uku da ba su da alaƙa da juna. Sai bayarwa kai tsaye ga kamfani ɗaya, da kuma kwangilar gaggawa lokacin bala'i.

Ni ban cikin masu cewa a toshe waɗannan ƙofofi. Daren da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, wa zai ce a buga talla a jarida a jira makonni kafin a sayo tabarmi da magani da abinci? Haka idan na'urar asibiti ta lalace kuma kamfani ɗaya ne ke ƙera kayan gyaranta, kiran gasa wasa da hankali ne. Doka ta yi daidai da ta bar wa irin wannan wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake ƙirƙirar gaggawar. Sashe na 42 na dokar ya gindaya sharaɗi mai nauyi: gaggawar da za ta halatta bayar da aiki kai tsaye dole ta zama wadda ba a hango ta ba, kuma ba jan ƙafar ma'aikatar ne ya haifar da ita ba. To, dubi yadda ake yi. An san damina na zuwa kowace shekara, an san taki ake buƙata kafin shuka, an san ranar komawar ɗalibai makaranta. Sai a ajiye fayil a kan tebur wata da watanni, har lokaci ya ƙure, sannan a rubuto cewa babu sauran damar yin talla. Wanda ya jawo jinkirin shi ne kuma zai zaɓi ɗan kwangilar da zai ceci lamarin.

Arewa maso gabas ta ɗanɗana wannan. Kwamitin Majalisar Dattawa da Sanata Shehu Sani ya jagoranta a 2016 ya zargi shirin PINE na tallafa wa yankin da fakewa da tanadin gaggawa wajen yin aringizon kwangiloli, har da ta cire ciyawa a Yobe da ta yi ƙaurin suna. Batun ya ci kujerar Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal a 2017, ko da yake kotu ta sallame shi a 2022. Hukuncin kotu na nan daram, amma tambayar ma tana nan: me ya sa cire ciyawa ya zama abin gaggawa a lokacin da 'yan gudun hijira ke kwana da yunwa a sansanoni?

Wata dabarar ita ce datsa aiki. Kowane matakin amincewa yana da iyakar kuɗinsa: abin da babban sakatare zai sa wa hannu, abin da sai kwamitin kwangila na ma'aikata, abin da sai an kai Majalisar Zartarwa da takardar sahalewar BPP. Sai a ɗauki gyaran makaranta ɗaya a raba shi gida biyar, rufi daban, fenti daban, kujeru daban, kowanne ya faɗo ƙasa da iyaka. Sharaɗin kamfanoni uku kuwa, duk wanda ya taɓa zama a harabar ma'aikata ya san irin ɗan kwangilar da ke yawo da takardun kamfanoni uku a jaka ɗaya: ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan matarsa, ɗaya da na ƙaninsa. Shi zai yi gasa da kansa, ya kayar da kansa, ya kuma yi nasara. A fayil komai ya cika.

Manyan ayyuka ma ba su tsira daga wannan muhawara ba. Titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, an ba kamfanin Hitech ba tare da buɗaɗɗiyar gasa ba. Ministan ayyuka David Umahi ya kare matakin da cewa an bi ƙa'ida kuma kamfanin ya ƙware a titin kankare, Atiku Abubakar kuma ya yi ta sukar lamarin. Mai yiwuwa ministan na da gaskiya kan ƙwarewar. Sai dai ba tare da farashin wasu kamfanoni a gefe ba, da me ɗan ƙasa zai auna ko kuɗin ya yi daidai? Gasa ita ce kaɗai ma'aunin da talaka ke iya karantawa ba tare da ya zama injiniya ba.

Hukunci dai akwai shi a rubuce. Jami'in da aka kama da laifi a ƙarƙashin dokar zai sha ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, a kuma kore shi daga aiki. Kamfani kuwa a haramta masa kwangila aƙalla shekara biyar, ya biya tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar aikin. Amma kafin a kai ga hukunci sai an ga laifin, kuma ba a ganin sa muddin dalilin kauce wa gasa yana kulle a cikin fayil.

Abin da nake ganin ya kamata a tilasta bai da tsada. Duk kwangilar da aka bayar ba ta buɗaɗɗiyar gasa ba, a wallafa takardar dalilinta a NOCOPO, shafin intanet na BPP na bayyana bayanan kwangiloli: wane sashe aka dogara da shi, yaushe buƙatar ta taso, yaushe fayil ya fara motsi, su waye masu kamfanonin da aka gayyata. Jihohi, da ke da nasu dokokin kamar ta Kaduna ta 2016, su yi haka a nasu shafukan. Kafin nan, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan jarida da kowace ƙungiyar unguwa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya takarda su nemi waɗannan bayanai, kuma wa'adin amsa kwana bakwai ne.