Yajin da Babu Biko

Duk marubuciyar da ta taɓa fitar da jarumarta daga gidan miji ta san abin da ke biyo baya. A zaurukan WhatsApp inda ake sakin labari shafi-shafi, muddin miji yana hana ta gaida iyayenta, yana ƙwace mata waya, yana kulle ɗakin ajiyar abinci ya fita da makulli, masu karatu suna tare da ita, har da masu kuka. Ranar da ta ɗaure kayanta kuwa, sai zaure ya rabu biyu. Wasu su ce ta burge su. Wasu su ce ina haƙuri, ina 'ya'ya, ai wannan hure wa matan mutane kunne ne.

Ni a ganina ba fitar ce ke damun masu sukar ba. Bahaushe ya san yaji tun kaka da kakanni: mace ta yi fushi ta tafi gidansu, miji ya tura manya biko, a yi faɗa a yi nasiha, ta koma ɗakinta. To bikon nan mai karatu yake jira. In labari ya ƙare ba ta koma ba, kuma ba ta wulaƙanta ba, nan ransa ke ɓaci.

Ba yau aka fara ba. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka ba wani tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi. A littafinta Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Rabi da miji ya kora da 'ya'yanta ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci, amma da duniya ta juya wa mijin, Alhaji Abdu, baya sai aka matsa mata ta koma. Wannan ƙarshen ya fi tsaya mini a rai, don shi ne wanda muka fi gani a unguwa. A 2007 har ƙona littattafan soyayya aka yi a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya.

Masu kafa hujja da addini su ma su ɗan dakata. Aya ta 229 ta Suratul Baƙara zaɓi biyu ta ba miji: riƙo da alheri ko saki da kyautatawa. Matar Sabit bin Ƙais ta ce ba ta zargin addininsa ko halinsa, ba ta dai son zaman, Annabi (SAW) ya ce ta mayar masa da gonarsa a rabu. Khul'i ke nan. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali na iya raba aure idan cutarwa ta tabbata.

Inda zan bi bayan masu suka shi ne sauƙin da wasu marubuta ke yi wa fitar. Idda na cika sai ga wani matashin attajiri mai gida a Maitama yana jira a ƙofa. Wace bazawara ce ta ga haka? Wadda muka sani tana komawa ɗakin uwarta ne da yara uku, matan yayyenta na harararta a kan kwanon tuwo, tana zaryar kotu don kuɗin ciyarwar da tsohon miji ya ƙi biya.