Alhaji Na Son Ƙyalli

An gama wanke motar Alhaji, an tsane ta, an kuma tura ta inuwa domin a shafa mata man ƙyalli. Oga yana tsugune a gaban motar da wani siririn burushi a hannu, Yaro yana riƙe masa kwalba. Alhaji yana tsaye ya goya hannuwa a baya, kusa da shi kuma ga abokinsa Malam Na-Sani, mutumin da ko keke bai taɓa wankewa ba, amma babu sana'ar da ba shi da gyara a cikinta.

ALHAJI: Malam, yau kusan rabin awa ke nan ina kallonka kana tsokanar ragar gaban motar nan da burushin da bai kai kaurin ɗan yatsana ba, alhali ga gwangwanin feshi can a ajiye, wanda da ka danna shi sau biyu da tuni na isa inda za ni.

OGA: Ranka ya daɗe, ragar nan ramuka ce ƙanana kamar saƙar zuma, kuma abin da ke bayanta shi ne lagireto. Idan na fesa, kashi ɗaya ne zai zauna a kan robar, sauran kuwa zai wuce ciki ya manne a lagireto, wani ya sauka a kan fenti da fitilu, wanda ya rage kuma ya taru a kusurwar kowane rami. Wannan da ya taru ɗin ba bushewa yake yi ba, jira yake ka hau titi iska ta kora shi, sai ka ga layuka sun zubo a kan bamba kamar motar ta kwana tana kuka.

ALHAJI: To, shi burushin me ya fi feshin da shi?

OGA: Burushi yana zuwa inda aka aike shi ne kawai. Ɗigo biyu nake zubawa a bakinsa, in dangwala shi a tsumma domin ya rage, sannan in bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, in dawo da busasshen tsumma in kwashe abin da robar ba ta sha ba.

NA-SANI: Wannan duk ɓata lokaci ne na wanda bai san asalin abu ba. Man da ke cikin kwalbar nan, Alhaji, sinadarin silikon ne, kuma wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna Frederic Kipping ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1901. Abin da ya haura shekara 120 a duniya ai ya san hanyarsa, ba ya bukatar a yi masa jagora da burushi.

OGA: Malam, maganarka gaskiya ce game da sunan, kuma na ƙaru. Sai dai ina so in sani ko shi Baturen ya bar wasiyya a kan abin da za a yi idan man ya sauka a faifan birki.

NA-SANI: Wannan ɓangaren ban kai gare shi a karatu ba tukuna.

A nan ne Yaro, wanda tun ɗazu yake ta mutsu-mutsu kamar mai ɓoye albishir, ya zaro wata tsohuwar gora daga aljihun wandonsa. Abin da ke cikinta baƙi ne a ƙasa, ruwan ƙasa a tsakiya, a samansa kuma wani kumfa ne da ba shi da suna.

YARO: Oga, tun da maganar inganta mai ake yi, ni ma na yi nawa binciken a daren jiya. Na lura man da muke saya yana dushewa da an yi ruwa sau biyu, saboda haka na ƙara masa baƙin mai domin ya daɗe, na kuma zuba man birki kaɗan domin ya ƙara sheƙi. Na gwada shi a kan takalmina, ga shi har yanzu yana walƙiya.

OGA: Ajiye gorar nan a ƙasa a hankali, ka ja da baya taku uku.

ALHAJI: Haba Malam, yaro ya yi ƙoƙari, ai sai a yaba masa. Ni dai na ga takalmin yana ƙyalli fiye da ragar da kake ta fama da ita.

OGA: Alhaji, man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana cin fenti, idan ya ɗiga a jikin motarka aka bar shi, sai fentin ya yi laushi ya kumbura ya tashi. Baƙin mai kuma daga ɗanyen man fetur aka samo shi, yana jiƙa roba ya lalata ta sannu a hankali, ga shi da kama ƙura kamar an aike shi. Wannan yaro ya haɗa maƙiyin fenti da maƙiyin roba a gora ɗaya, ya kuma kawo su wurin da babu komai sai fenti da roba.

YARO: Amma Oga, ai kai ma na ga kana sirka man da wani abu.

OGA: Da ruwa nake sirka shi, kuma wanda aka yi domin a sirka ɗin. Man ƙyalli iri biyu ne. Akwai mai ruwa, wanda za ka gan shi fari kamar madara, shi ne ƙananan ɗigon silikon da aka tarwatsa a cikin ruwa, yana kuma karɓar ƙarin ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Wannan da muke aiki da shi, a taya nakan yi awo 1 na mai da awo 1 na ruwa, a robobin waje 1 da 3, a cikin mota kuwa ya fi haka ruwa-ruwa. Akwai kuma garai-garai mai maiƙo, wanda aka narka silikon ɗinsa a cikin sinadari dangin fetur. Shi ya fi sheƙi, ya fi jure ruwan sama, amma ba ya haɗuwa da ruwa, kuma shi ne sarkin fantsama.

ALHAJI: To, wannan sarkin nake so a shafa wa tayoyina.

OGA: Kafin mu kai can, ranka ya daɗe, ka taɓa ganin ɗige-ɗige baƙaƙe a gefen ƙofofin motarka, daga bayan taya, kwana ɗaya bayan an yi mata wanka?

ALHAJI: Na gani mana! Sau uku ina tara yaran maƙwabta ina yi musu faɗa a kan haka, har na hana su ƙwallo a ƙofar gidana.

OGA: To, ka nemi gafarar yaran, domin tayarka ce ta yi. Idan aka lafta mai ya taru a cikin rubutun da ke gefen taya da ƙananan zanen da ke kewaye da shi, da zarar taya ta fara juyawa da gudu sai ta watso shi a jikin mota tare da dattin da ya kwasa. Shi ya sa nake shafawa da soso, in bi rubutun da burushi, in bar shi minti 10 zuwa 15, sannan in goge. Inda taya take taka ƙasa kuwa, ko ɗigo ba ya zuwa can.

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, da alama yana lissafin yawan yaran da zai bai wa haƙuri. Malam Na-Sani, wanda shiru ke yi wa ciwo, ya sunkuya ya duba tayar baya da ba a kai gare ta ba.

NA-SANI: Ga shaida nan cewa man naku na jabu ne. Dubi yadda tayar nan ta koma ruwan ƙasa, alhali baƙa aka saye ta.

OGA: Wannan daga cikin tayar yake fitowa, Malam. Masu ƙera taya suna zuba wani sinadari da ake kira 6PPD a cikin robar domin ya kare ta daga iskar ozon mai sa ta tsattsagewa. Yana tasowa sama a hankali, idan ya haɗu da iska sai ya bar wannan launi. Wanda ya shafa mai a kansa ba tare da ya wanke ba, kamar wanda ya sa sabuwar riga ne a kan tsohon gumi. Sai an dirje tayar da burushi mai tauri har kumfan ya daina fita ruwan ƙasa ya koma fari, a bar ta ta bushe, sannan mai zai kama.

NA-SANI: Abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni.

YARO: Oga, idan haɗina bai yi ba, ta yaya ke nan za a inganta man?

OGA: Da masu yin sa za su tambaye ni, da ban ce su ƙara masa sheƙi ba, domin wanda yake da shi ma ya isa ya ɓata aiki. Da na ce su gyara bakin kwalbar. A yi mata siririn baki mai fitar da ɗigo ɗaya, maimakon wannan mai wangamemen rami da ke zubo rabin cokali in ka karkata shi. Gwangwanin feshi kuma a haɗa shi da ɗan bututun da ba ya ɓacewa a ranar farko. Sannan a bambanta kaurinsa: mai kauri ya dace da gefen taya domin ba ya zuba, amma a lungu toshe rami yake yi, can mai ruwa-ruwa ake so wanda zai bi burushi ya bazu ya bushe ba tare da danƙo ba. Wanda ya yi mini wannan ya gama mini komai.

Daga nan aka koma cikin motar. Oga ya ajiye burushin waje, ya ɗauko tsinke mai kan soso, irin mai kama da na goge kunne, ya fara bin ramukan esi, yana ɗaga kowane ɗan faifai yana shafa samansa da ƙasansa. Duk wanda ya taɓa ganin wannan aiki ya san yana bukatar haƙurin mai saka zare a allura, kuma Alhaji ba ya cikin masu wannan haƙuri.

ALHAJI: Yanzu dai ka saurare ni da kyau. Ina so dashbod ya yi sheƙin da zan ga fuskata a ciki, sitiyari ma haka, kan giya ma haka, har birki da totur ina so su san an yi musu hidima.

OGA: Ranka ya daɗe, a nan kam sai ka yi haƙuri, domin ba zan yi ba. Dashbod mai sheƙi hotonsa yake jefawa a gilashin gaba idan rana ta haska, ka riƙa ganin dashbod a inda ya kamata ka ga titi. Sitiyari mai santsi zamewa yake yi a hannu a daidai lokacin da kake kan kwana. Birki kuwa, idan takalminka ya zame daga kansa sau ɗaya, ba lallai ne a samu na biyu ba. Garin gyaran gira ba za mu rasa ido ba. Haka nan a ƙarƙashin bonet, ba na bari ya kusanci bel ko hanyar da inji ke shaƙar iska.

ALHAJI: Ke nan na kawo mota a yi mata ƙyalli, an mayar mini da ita kamar ba a taɓa ta ba.

OGA: Kamar ranar da ta fito daga kamfani, ranka ya daɗe. A ranar ma ba ta maiƙo.

Oga ya gama, ya tafi wanke hannu da ɗauko makulli. Bai kai ga famfo ba Malam Na-Sani ya ɗauki gwangwanin feshi, ya girgiza shi, ya cusa bakinsa a ramin esi na farko.

YARO: Malam, Oga ya ce ba a fesawa a nan.

NA-SANI: Ogan naka ya san hannu, ni kuwa na san ilimi. Matsa ka ga yadda ake faranta wa mai mota rai a cikin daƙiƙa biyar.

Ya bi ramuka huɗu ya cika kowanne har sai da gwangwanin ya fara tari, sannan ya mayar da shi mazauninsa ya goya hannu a baya. Oga ya dawo ya miƙa makulli. Alhaji ya shiga yana gunaguni, ya tayar da mota, ya murɗa esi har ƙarshe saboda zafin tsayuwar da ya sha. Abin da ya fito daga ramukan ya yi kama da hazo. Ya sauka a gilashin gaba, ya sauka a sitiyari, mafi yawansa kuma ya sauka a kan Alhaji, daga hula har gemu.

ALHAJI: Innalillahi! Malam, ba na ganin komai, tabarau ɗina ya rufe! Wane ne ya yi mini wannan aika-aika?

NA-SANI: A gaskiya, Alhaji, ban taɓa ganinka da haske irin na yau ba.

OGA: Kashe esi ɗin, ranka ya daɗe, kada kuma ka murza ido, ka fito a wanke fuskar da ruwa mai yawa. Kai kuma kawo tsummoki masu tsabta da ruwan goge gilashi, domin silikon ba ya barin gilashi da shafa ɗaya, sitiyarin ma sai an wanke shi kafin motar nan ta motsa.

YARO: To, Oga. Goshin Alhaji da kumatunsa dai tsumma zai yi musu, amma bayan kunnensa lungu ne. Tsinken soso zan ɗauko ko burushi?