Gurnanin kare gargaɗi ne, ku daina dukansa a kai

Akwai wani bidiyo da aka saka a intanet, ga abin da ke cikinsa. Yarinya da ba ta wuce shekara biyu ba ta je ta haye bayan karen gidansu yana cin abinci, ta kama kunnensa tana ja. Karen ya yi gurnani. Uban da ke riƙe da waya yana ɗauka ya tashi ya zabga masa bel, sannan ya rubuta a ƙasa cewa ya koya masa hankali, ba zai sake ba. Tun jiya raina a ɓace yake, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɗimbin mutanen da suka biyo baya suna yi masa sannu da ƙoƙari.

An bar jaki ana dukan taiki. A cikin ɗakin nan mutum ɗaya ne mai hankalin da zai iya hana abin faruwa, shi ne kuma ya tsaya yana ɗaukar hoto.

Ku koma ku kalli bidiyon a hankali, ku bar kallon yarinyar, ku kalli karen. Kafin gurnanin nan ya daina tauna. Ya kau da kansa gefe. Ya lashi hancinsa. Kunnuwansa suka kwanta baya, farin idonsa ya fito, jikinsa ya sandare. Duk wannan magana ce, yana cewa a ɗauke masa yarinyar. Babu wanda ya saurare shi, sai ya ɗaga murya. Gurnani shi ne kusan abu na ƙarshe da kare ke da shi kafin ya kai baki. Kare da ya yi niyyar cizo ba ya buƙatar izinin kowa, kafin ka miƙe daga kujera ya gama. Wannan bai ciji yarinyar ba, ya yi gargaɗi, kuma a kan gargaɗin aka dake shi.

To me ya koya? Bai koyi son a ja masa kunne ba. Tsoron da ke cikinsa yana nan, ya ma ƙaru, domin yanzu ya haɗa abu biyu a kansa: duk lokacin da yarinyar nan ta matso, duka na biyowa. Abin da kawai aka cire masa shi ne sanarwa. Kamar direban da fitilar gargaɗi ta kama a motarsa ne, ya fasa fitilar ya ci gaba da tafiya. Gobe karen zai yi shiru, jibi ma shiru, uban zai ce kun gani, bel ya yi aiki. Ranar da abin ya kai masa maƙura zai tsallake gurnanin ya tafi kai tsaye ga cizo, sai ka ji ana cewa ba zato ba tsammani ya cije ta, bai taɓa nuna alama ba. Ya nuna, ku kuka hana shi.

Kuma a ina zai cije ta? A fuska. Yaro ƙarami tsayinsa daidai bakin kare yake, shi ya sa raunukan ƙananan yara suka fi yawa a fuska da kai da wuya. Yawancinsu kuma ba baƙon kare ba ne ke yi musu, karen da suka sani ne, a cikin gidan da suka saba.

Na ga masu cewa karensu ba ya cizo, tare ya tashi da yaran. Masu bincike a jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun duba bayanan yara 111 da karnuka suka ciza, suka fitar da sakamakon a 2007. A cikin karnukan da aka san tarihinsu, kashi 66 cikin ɗari ba su taɓa cizon yaro ba kafin wannan ranar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan karen da ba ya cizon yara ne, har zuwa ranar da ya yi. A yaran da ba su kai shekara shida ba kuwa, abin da ya fi jawo cizon shi ne kare yana tsaron abinsa, abinci ko ƙashi ko wani abin da ya ɗauka nasa ne. Wato dai abin da muka gani a bidiyon nan da idonmu.

Masu cewa dole kare ya san waye mai gida, ba zan ɓata lokaci a kanku ba. Karen da ake ja wa kunne yana cin abinci ba mulkin gida yake nema ba, so yake a ƙyale shi. Masu cewa laifin irin karen ne, a sayo wani iri mai sanyin hali, ku ma haka. Kowane kare yana da haƙora, kuma ƙaramin kare ya isa ya yaga leɓen jariri.

Ina roƙon iyaye, don Allah, ku ji wannan da kyau. Ranar da kare ya yi wa yaronku gurnani, a ranar za a raba su, ba a jira a ga ko zai sake. Ka kira yaron ko ka ɗauke shi a natse, ba ihu, ba duka, domin ihu na iya tunzura karen da ya riga ya sandare. Daga nan sai ƙofa ko shinge ya shiga tsakaninsu. Kare ya ci abincinsa a inda yaro ba zai iya kaiwa ba, a ɗauke kwanon idan ya gama. A ba shi wurin kwanciya da yaro ba ya shiga. Kuma sa ido ba yana nufin kina ɗakin kina danna waya ba, Hajiya. Idan hannunki ba zai iya shiga tsakaninsu nan take ba, to a rufe ƙofar. Yaro ɗan shekara biyu ba za ka ɗora masa nauyin kiyaye doka ba, ka faɗa masa sau goma zai manta. Wanda ya ɗan tasa shi ake koya wa: ba a taɓa kare yana ci, ba a tashinsa daga barci, ba a rungumarsa, ba a hawansa, ba a kai fuska kusa da tasa. Rungumar nan da muke gani abin sha'awa, karnuka da yawa daurewa kawai suke yi.

Sai a kai shi wurin likitan dabbobi, wannan ma ba a jira. Ruwa ba ya tsami banza. Karen da ya shekara da shekaru lafiya lau, sai kwatsam ya fara yashe haƙora, sau da yawa ciwo ne ke cinsa: kunne, haƙori, gaɓɓai idan ya tsufa, ko ƙaiƙayin fata. A binciken da na ambata, rabin karnukan an gano ko an yi zargin suna da wata lalurar da ta taimaka wajen cizon. Ka duba fa, mai yiwuwa kunnen da yarinyar ta kama shi ne mai ciwon, aka kuma ƙara masa da bel. Bayan likita, a nemi ƙwararre kan halayyar dabbobi wanda ke aiki da lada da haƙuri. Duk wanda ya zo maka da sanda ko abin shaƙe wuya ya ce zai gyara maka kare cikin kwana biyu, sallame shi.

Kada wani ya ɗauka na fifita kare a kan yaro. Yaro ne a gaba, kullum. Idan kare ya riga ya yi cizo mai zurfi, ko gidan ba shi da yadda za a raba su dare da rana, to zaman ya ƙare, sai a nema masa gidan da babu yara. Kuma a faɗa wa mai karɓa gaskiyar abin da ya faru, duka, kada a ɓoye don a rabu da shi, domin ɗan wani ma ɗa ne. Akwai karen da likita zai ce ba shi da aminci a kowane gida, wannan shawara ce mai ɗaci, amma da likita ake yanke ta, ba da fushi ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a daki kare, a mayar da yarinya kusa da shi, a ce an gama.

Af, tun da ana maganar cizo. Na ga wata ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa nata ɗan an taɓa cizonsa, ta shafa magani ta ɗaure, shi ke nan. Kada ku yi haka. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da ƙwarzane ne kawai, a tafi da katin rigakafin karen idan akwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar karnuka suka kamu, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Allurar da ake yi bayan cizo tana hana cutar idan an fara da wuri, amma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi. Yara kuma suna ɓoye ƙaramin cizo don tsoron faɗa, saboda haka ku riƙa duba hannuwansu da ƙafafunsu lokacin wanka, ku kuma gaya musu tun yanzu cewa ba za a dake su ba idan sun faɗa.