Gawayi ba ya kashe kwayar cuta a ruwa

Jama'a don Allah mu gyara wannan fahimtar. A Rigasa ko Tudun Wada sai kaji mutum yace ai in ya tace ruwan rijiya da gawayi shikenan ruwa ya zama lafiyayye, wai gawayin ya shanye dattin ya kashe kwayoyin cuta. Wallahi ba haka bane.

Abin da ke faruwa shine kananan sinadaran da ke kawo wari da kala mannewa suke yi a jikin bangon gawayin, kamar yadda kurar hunturu ke makalewa a gilashin mota. Gawayi cike yake da ramuka kanana da ido baya gani, musamman irin na cikin filtar ruwa wanda aka sarrafa a masana'anta da tururi mai tsananin zafi, shi giram 1 kacal fadin bangon ramukansa ya haura murabba'in mita 500, shi yasa yake kama wari sosai, namu na murhu kuwa bai kai ko kusa ba. To bangon nan yana cika fa, in ya cika aiki ya tsaya, har kwayoyin cuta kan iya hayayyafa a ciki in an dade ba'a canza shi ba. Gishiri kuwa wucewa yake abinsa.

Abin yana damuna saboda kwalara da damina. Ku tafasa ruwan, ko ku sa kulorin, sinadarin nan da ke kashe kwayoyin cuta a ruwa, amma bayan tacewa, don gawayin yana cire kulorin din ma.