Bos ɗin da ba ya buƙatar ihu

Daren Asabar ɗin da ta wuce, a teburin mai shayin da muke zama a Agege, gardama ta kaure kan wanda ya fi kowa iya fitowa a matsayin bos a fim. Samari sun tsaya kai da fata kan Heath Ledger, wanda ya fito a Joker a 2008, aka kuma ba shi kyautar Oscar a 2009 bayan rasuwarsa. Wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya ajiye kofinsa ya ce, "Yarana, duk wanda bai ga Amrish Puri a Mogambo ba, bai san bos ba." Ban sa baki a lokacin ba, amma maganar ta kwana a raina.

Ina girmama su duka biyun, sai dai a ganina kowannensu ya samu abin da ya tallafa masa: Ledger yana da fentin fuska, Puri kuma yana da kayan ado da muryar da ke cika sinima. Ni ma'aunina shi ne abin da ɗan wasa ke yi a lokacin da ba ya ɗaga murya, kuma a nan Amjad Khan ya sha gabansu.

Ku tuna Gabbar Singh, ɗan fashin da Amjad Khan ya fito a matsayinsa a Sholay na 1975, lokacin da yaransa uku suka dawo masa hannu rabbana. Ya bar harsashi uku a bindiga, ya juya ta, ya ɗana wa kowannensu a kai, babu wadda ta tashi. Sai ya fara dariya a hankali, yaran suka biye masa saboda sun ɗauka sun tsira, a tsakiyar dariyar ya juyo ya harbe su. Abin da ke tayar da tsikar jiki ba harbin ba ne, jinkirin ne, da yadda yake jan ƙafa a kan duwatsu kamar wanda babu abin da ke gabansa. Kuma asali ma ba Amjad Khan aka fara zaɓa wa rawar ba, Danny Denzongpa ne, wani aikin ya riƙe shi.

Javier Bardem ya bi wannan hanyar a fim ɗin No Country for Old Men na 2007, inda ya sa tsoho mai kanti ya zaɓi fuskar kwabo, ba tare da ya zubar da ɗigon jini ba, amma mai kallo yana riƙe numfashi.

Wadda ta fi taɓa ni kuwa, ta gida ce. Sola Sobowale a King of Boys na 2018 ta nuna mana uwar ɗakin da duk mazaunin Legas ya taɓa jin labarin irinta: mai kyauta, mai gwaggwaro da gwala-gwalai, 'yan siyasa na durƙusa mata, 'yan daba na jiran umarninta. Takan yi faɗa, ba shakka, amma na fi jin tsoronta idan ta yi shiru tana murmushi a gaban baƙi. Wannan rawar ce ta ba ta kyautar AMAA, ta finafinan Afirka, a 2019.

Gobe da safe zan bi ta Mile 12, zan gaya wa Baba mai albasa cewa Mogambo ya zo na biyu.